Ƙwaya ta Shida a Carbi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kai ni ya kuma maido ni gida. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Maƙwabciyata Malama Asabe ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini hali a takarda. Yadda na yi, haka za ta sa.

Sunana Hurera, amma duk Magama ta Jibiya Inna Hure ake ce mini. Tun ina da ƙarfina nake sayar da man gyaɗa da ƙuli a bakin iyaka, daidai inda motocin Maraɗi ke tsayawa a duba su. Wanda ya daɗe a wurin nan ido yake koya. Mutum ya sauko daga mota, kafin ya isa gaban ma'aikata na san ko akwai abin da ya ɓoye a wando. Da wannan nake taƙama, kuma ba a cika yi mini gardama ba, a gida ko a waje.

Jikata Ummi ce ta fitar da ni daga gida zuwa wannan tafiya. Takwarata ce, ɗiyar babban ɗana, wanda ba zan faɗi sunanshi ba tunda ɗan fari ne. Shekararta bakwai, tana da amosanin jini, wanda yanzu ake ce wa sikila. Yayyenta biyu maza ciwon nan ne ya tafi da su. Uwarsu Mariyama 'yar Ɗan Isa ce, garin farko in ka ƙetara Nijar. Ranar da na biyun ya rasu, a tsakar gida, gaban masu gaisuwa, na ce jininta ne, jinin gidansu ne ke cinye mana yara. Ban bar ɗana ya huta ba sai da ya ba ta takardarta. Yarinyar kuma na riƙe. Sau uku Mariyama ta ƙetaro ganin ɗiyarta, sau uku na tsaya a zaure na ce barci take yi.

Autata Sa'adatu kuwa karatu ta yi har ta ƙure shi, aka ce ta zama dakta. Daga nan ta samu wani aikin bincike na shekara biyu a Dakar, ƙasar Sanigal, irin wanda ake ba waɗanda suka gama wannan babban digirin. A waya ta ce mini a kan cututtukan gado take aiki, har da sikila. Kunnena kalma biyu ya riƙe: dakta, sikila. Ta sha ce mini, "Inna, ba fa irin likitan da kike nufi ba ce ni." Na ɗauka kunya ce irin ta 'ya'yan kirki. Da damina Ummi ta kwanta kwana tara tana kukan ƙashi, ko zane ba ta son ya taɓa ta. Na ce tunda a waya sai kwana-kwana Sa'adatu ke yi mini, da ƙafata zan je in karɓo maganin. Ta ce in jira hutunta, ko ta sa ni a jirgi. Na ce ban hau jirgi zuwa Makka ba, ba zan fara hawanshi zuwa wani Dakar ba. Na bar Ummi hannun ƙanwata, na bi Hajiya Indo, wata mai fataucin shadda da ke zuwa Bamako ta mota.

A tashar Maraɗi aka fara cin mutuncin idon nan nawa. Hajiya Indo ta ce sai na samu katin allurar shawara, wanda su can suke ce wa karne, don ana tambaya a kowace iyaka. Ta ce mu je a yi mini allurar a ba ni katin. Ta shiga neman mana kujera, sai ga wani mutum da farin kaftani tas, alƙalami biyu a aljihu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni.

"Inna, mi za ya kai babbar mace kamarki ta tuɓe hannu gaban yara? Ga kati nan da hatiminshi, ba allura, ba jira."

Ni kuwa allura ce ba ni so, tun ina yarinya. Na duba kaftanin, na duba alƙaluman, na karɓa. Da Hajiya Indo ta dawo na nuna mata, ta juya shi gaba da baya ta ce, "Hure, Allah dai ya sa." Na ce mata ni ba a cuta ta.

A motar Yamai, wadda suke ce wa kar, wani dattijo mai sayar da albasa ya tambaye ni ina na nufa. Na ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Dakar. Ɗiyata likita ce can."

Sai mota ta ɗauki dariya. Na juya ina harararsu ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya share hawaye ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya. Mu nan likita ai gidan magani ne, ginin kanshi. Mai duba marar lafiya lokotoro muke ce mishi. Ashe ke gini guda kika haifa, har da gadaje."

"Da ƙofa nawa?" in ji wata daga baya.

Ban yi dariya ba. Na ce ko mi suke ce mata, maganin amosanin jini na hannunta. Nan dariyar ta mutu. Wata mata ta matso ta ce ɗan ƙanenta na da shi, in na samo in tuna da su. Na ce ba komi, kamar a buhu zan kwaso.

Daga Yamai Hausa ta fara ƙaranci, kamar ruwan rijiya da rani. A can na sa Hajiya Indo ta buga wa Sa'adatu ta ce ga ni a hanya. Na ji muryarta daga nesa tana salati. Ban karɓi wayar ba.

A iyakar Burkina aka sauke mu duka, rana tsaka, aka jera mu kowa da takardunshi. Ma'aikacin lafiya ya karɓi katina ya ɗaga shi sama, ya lashi yatsa ya goga hatimin, tawada ta bi yatsan. Ya jawo wasu katuna uku daga aljihun tebur ya jera su kusa da nawa. Ko ni da ban iya karatu ba na ga uwarsu ɗaya. Ya yi magana da Faransanci, wani direba Bahaushe ya maida mini.

"Ya ce na jabu ne. Ya ce wa ya ba ki?"

Kafin in buɗe baki Hajiya Indo, da niyyar taimako, ta ce a yi mini sassauci, uwar dakta ce. Da aka maida mishi ya cire tabarau ya dube ni sosai. Abin da ya faɗa gajere ne. Direban bai so ya maida mini ba sai da na matsa.

"Cewa ya yi, uwar dakta da wannan?"

Ba su zage ni ba, ba su tsare ni ba. Allurar da na guda ita aka yi mini, a wani ɗaki mai labule rabi, hannuna a tuɓe, mota guda na jirana a rana, jarirai na kuka. Da na koma ba wanda ya ce uffan. Na gwammace a ce wani abu.

Wagadugu ban gan ta ba, zazzaɓin allurar ya rufe ni. A Bamako Hajiya Indo ta kai ni tashar motocin Dakar, ta rubuta lambar Sa'adatu a takarda ta ɗaure mini a bakin zane, ta damƙa ni ga yaron mota da hannu da ido, don ita ma yarensu kaɗan take ji. Daga nan ba ni da kowa. Kwana biyu ban ji kalma ɗaya da na sani ba in ban da salamu alaikum.

Wadda ta zauna kusa da ni wata ƙatuwar mata ce baƙa, da ɗankwali kamar an kifa kwando. Tun da muka tashi take leƙen jakata. Na ce a raina, na gane ki. Na rungume jakar a ƙirji, ko gyangyaɗi ya ɗauke ni hannuna na kan zip. Ta miƙo mini ruwa, na girgiza kai. Ta miƙo gurasa da kifi, na kau da fuska, ga yunwa na cin hanjina. Sai a wata tsayawa da la'asar, da na miƙe zan sauka, ta kama hannuna ta juya jakar ta nuna mini gindinta. Kwalbar man gyaɗa da na ɗauko wa Sa'adatu ce ta fashe, man ya bi jakar yana ɗiga, kuma duk a cinyarta yake sauka. Zanenta mai tsada ya jiƙe har gwiwa. Tun safe abin da take ƙoƙarin nuna mini ke nan.

Ba ta yi faɗa ba. Dariya ta yi, ta zazzage kayana a kan tabarmar wani mai shayi, ta tsince kwalba da hannunta, ta nemo leda ta sa tufafina. Ta ara mini butarta na yi alwala. Ta tsaya ta kare ni da zanenta da na zaga bayan mota. A iyakar Sanigal ita ta ja ni layin da ya dace. Har muka rabu ban san sunanta ba, ita ma ba ta san nawa ba. Mama take ce mini, alhali ban girme ta da yawa ba. Na ba ta ƙuli, ta ci tana lumshe ido. Iyakar abin da na iya biyanta ke nan.

Sa'adatu ta tarbe ni a tasha tana kuka tana faɗa a lokaci guda. Ta rame. Ɗakinta guda ne a saman bene, da 'yar kicin da ba ta kai rumbun kaji ba. Na duba ko'ina ban ga farar riga ba, ban ga abin sauraren ƙirji ba, ko warin magani babu. Na ce a raina suna wurin aiki. Garin kuwa kullum shinkafa da kifi, safe da rana. Ta kai ni na ga teku, ruwa ba ƙetare. Ni ƙarar manyan motocin Magama nake marmari, da tuwon dawa miyar kuka, da muryar Ummi tana ce mini takwara.

Kwana biyu na huta, na uku na ce ta kai ni inda take duba marasa lafiya. Ta yi ajiyar zuciya ta ce in sa mayafi.

Wani dogon ɗaki ne mai sanyi kamar cikin randa. Mutum shida ko bakwai, kowa ya ba wani baya, kowa da kwamfuta a gabanshi. Ba gado, ba layi, ba mai tari. Ta zaunar da ni ta kunna tata. Sai ga wani abu ya fito, ja da shuɗi da kore, a cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ta taɓa, ya juya.

"Wannan ne aikina, Inna."

Na ce, "Sa'adatu, ƙasa huɗu na ratso. Kada ki nuna mini wasan yara."

Ta ce in ba ta carbina. Na ba ta. Ta shimfiɗa shi a tebur.

"A jikin mutum akwai wasu ƙananan ma'aikata da ido ba ya gani, furotin ake ce musu. Kowane ɗaya kamar carbin nan yake, ƙwaya bayan ƙwaya, sannan ya naɗe kanshi yadda zai iya aikinshi. Wannan da kike kallo shi ke ɗaukar iska a cikin jini." Ta ƙirga da yatsa ta tsaya. "A sikila, ƙwaya ta shida ce aka musanya da wata. Ita kaɗai. Sai su riƙa mannewa da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe hanya. Shi ne kukan ƙashin da Ummi ke yi."

"To ki maida ta shidan inda take."

"Ba ni iyawa, Inna."

"To mi kike yi a nan tun safe har yamma?"

Ta ce irin wannan musanya suna da yawa ƙwarai a cututtukan gado, wasu ba su cutar da kowa, wasu suna kisa, kuma ita kwamfuta take koya wa ta rarrabe su, ta kuma nuna yadda kowace ke ɓata naɗin. In ta gane sai ta rubuta. Wasu su karanta, wata rana wataƙila su haɗa magani a kai.

"Wata rana," na ce.

"Wata rana, Inna. Ni ko allura ban taɓa yi wa mutum ba. Na faɗa miki ya fi sau goma."

Na tuna matar motar Yamai da ɗan ƙanenta. Na tuna duk wanda na tsayar a Magama na ce mishi magani na hanya. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci sai na nemi wanda zan ɗora wa. Na ce duk wannan wahala Mariyama ta ja mana, da ba a kawo jininsu gidanmu ba da ina zaune a rumfata.

Sa'adatu ta dubi abokan aikinta, ko da yake ba mai jin Hausa a cikinsu, ta rage murya. Ta cire nata carbin daga jaka ta ajiye kusa da nawa.

"Kowane yaro biyu yake gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In guda ne ke da musanyar, lafiya lau zai rayu, bai ma san yana da ita ba. Sai biyun sun haɗu ciwo ke fitowa. Ummi biyu ta samu. Ɗaya daga Mariyama." Ta tura carbina gabana. "Ɗaya daga Yaya."

"Ƙarya ne."

"Ni ma ina da guda, Inna. Na gwada tun ina jami'a. Na zo in faɗa miki ranar sadakar bakwai ta yayan Ummi na biyu, kika ce in rufe miki baki."

Na ce to daga wajen babansu ne, Allah ya jiƙanshi, danginshi dama ba su da ƙwari. Ta ce mai yiwuwa. Yadda ta ce mai yiwuwan ne bai yi mini ba. Na naɗe hannun riga na ce a gwada ni, yau ɗin nan, in ga ƙarshen magana.

Aka ɗebi jinina a wani asibiti kusa da su. Bayan kwana biyu ta kawo takarda ta ajiye mini a cinya, ta sa yatsa a kan wasu haruffa biyu. Ban iya karatu ba, amma na ga ba iri ɗaya ba ne. Ta ce na farkon shi ne lafiyayye. Ba ta faɗi na biyun ba.

Malama Asabe, rubuta wannan da kyau. Tsakanin babban ɗana da Sa'adatu na haifi biyu, Lawisa da Sani. Dukansu ba su wuce yaye da nisa ba. Hannuwansu da ƙafafunsu suka riƙa kumbura, ido ya yi rawaya, suna kuka ba a san inda ke ciwo ba. A lokacin muka ce shawara ce, wasu suka ce baki ne. Na tambayi Sa'adatu ko shi ne. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba a gwada su ba, amma alamun sun yi kama. Ni ban buƙaci ta rantse ba. Na ga hannun Sani na ga hannun yayyen Ummi, kuma duk shekarun nan ban yarda na haɗa su a raina ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne uwar mijina. Ranar da aka fita da Sani, ta zo ɗakina ta dama mini fura da hannunta, ta zauna ta tsefe mini kai. Ba ta ce jinin gidanmu ba. Ba ta ce komi ba sai, "Sha, ɗiyata." Ni aka yi wa haka.

Kwana biyu ban sauko daga benen ba. A na uku Sa'adatu ta kawo wata abokiyarta, likita ta gaske mai duba yara masu sikila, Basanigaliya, ita tana tambaya Sa'adatu na maidawa. Wane magani Ummi ke sha kullum? Ban sani ba. Tana kwana a gidan sauro? Wani lokaci. Ruwa fa, ana matsa mata ta sha? Yaushe aka duba jininta na ƙarshe? Ina katin asibitinta? Na ce katin na wurin uwarta. Ban faɗa mata ba cewa zuwan Mariyama na uku katin nan ta miƙo mini, ta ce ko ban bar ta ta shiga ba in karɓa, na ce ta tafi da tsiyarta.

Likitar ta ce ita ba ta ba da magani ga yaron da ba ta gani ba. Ta ce akwai wanda ke rage tashin ciwon, amma sai ana bin jinin yaro a kai a kai, kuma ba sai an zo Dakar ba, manyan asibitocin kusa da mu sun san shi. Sa'adatu ta maida mini wannan, sannan ta ƙara nata.

"Mariyama duk wata take kai ta asibitin Maraɗi, Inna. Tun da ta tafi ba a sake kai ta ba."

Dawowa a jirgi ta sa ni zuwa Yamai. Wannan karon ban yi gardama ba. Daga Maraɗi na shiga motar Jibiya, amma da muka iso Ɗan Isa na ce direba ya tsaya. Ya ce, "Inna Hure, ai ba mu kai ba." Na ce na sani.

Na tarar da Mariyama a tsakar gidan ubanta tana kan keken ɗinki. Da ta gan ni ƙafarta ta tsaya. Ta miƙe, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni kamar jiya muka rabu lafiya. Sannan ta ce, "Inna, Ummi ce?"

Na ce Ummi na nan da rai. Na ga kafaɗunta sun sauka.

Na yi ta shirya magana tun daga Dakar, amma da na buɗe baki sai ta fito a karkace. Na ce an gwada ni. Na ce abin nan ashe biyu ne, ɗaya nata ɗaya namu, kuma namun daga jikina ya fito. Ina jiran ta yi mamaki. Ta dubi tabarma.

"Na sani, Inna. Lokotoro ya gwada mu tare a Maraɗi, ni da baban Ummi, tun rasuwar na fari. Bai ce daga wajenki ba ne, amma ya ce kowa da rabonshi a ciki."

"Kin sani? Na tsaya gaban mutane na faɗa miki abin da na faɗa, kin sani?"

"Shi ya roƙe ni. Ya ce in kika ji ba za ki ɗauka ba."

Ta ɗago ta fara jero mini tambayoyi, kusan irin na likitar Dakar. Tana shan ruwa? Wa ke kwana da ita? In sanyi ya sauko ana sa mata safa? Na amsa abin da zan iya. Na ce ran Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, ta zo bakin iyaka da katin.

Da na isa gida, ɗana bai musa maganar Mariyama ba. Da na faɗa mishi na yanke in maida Ummi wurin uwarta, ya sunkuyar da kai yana kuka kamar yaro. Ban tambaye shi don mi ya ɓoye mini ba. Na san wadda ya ji tsoro.

Ran Lahadi da hantsi na yi wa Ummi wanka na sa mata sabuwar riga, na ɗaure kayanta a zane. Muka tsaya gefen rumfata. Mariyama ta sauko daga mota ta taho da ƙafa, ta wuce sandar ma'aikata. Ummi ta tsaya tana kallonta, sannan ta saki hannuna. Ba ta iya gudu sosai, amma ta yi.

Mariyama ta durƙusa a ƙasa ta rungume ta, tana shafa ta ko'ina, kai, wuya, hannuwa, yadda uwa ke ƙirga ɗanta. Hannunta ya shiga bayan rigar, sai ya tsaya. Ta ɗaga rigar.

Akwai abin da ban faɗa wa Sa'adatu ba, ban faɗa wa likitar Dakar ba, kuma don shi na kira Malama Asabe. Bayan tafiyar Mariyama, sau biyu na kira wanzami ya yi wa Ummi ƙaho a baya. Na ce ya zuƙe mugun jinin uwarta. Yarinyar da jinin bai ishe ta ba. Ni na danne ta a cinyata tana kiran sunana. Tabon na nan, layi-layi, daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Mariyama ta daɗe tana kallon bayan. Ta bi layi ɗaya da yatsa. Sannan ta sauke rigar a hankali, ta gyara mata wuya, ta ɗago ta dube ni. Tun da aka kawo ta gidana amarya ba ta taɓa haɗa ido da ni ba sai ranar.

Ga direbobi, ga masu canji, ga ma'aikatan da suka san ni tun suna sababbi. Na sauke gwiwata a ƙasa. Na ce, "Mariyama, ki yafe mini."

Ta goya Ummi, ƙatuwar yarinya, ƙafafu na reto. Ta ɗaure zanen ta ɗauki ƙunshin kayan. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Inna." Ta juya ta nufi motar Maraɗi.

Wannan magana kowa na faɗinta. Wanda ya yafe na faɗinta, wanda bai yafe ba amma yana da tarbiyya shi ma na faɗinta. Ban san wacce ta ba ni ba, kuma ba ni da bakin tambaya. Ummi dai an ce tana zuwa asibiti, ta yi ƙiba kaɗan, damina ta wuce sau ɗaya kawai ta kwanta. Direbobi ke kawo mini labari. Duk Lahadi ina ba su ƙuli a leda su kai mata, kuma har yau ba a maido ba.